Maharba a Ƙofar Makaranta

Haɗeja,
22 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Kawu Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Mama Laraba da yara. Yaya ƙafar taka da sanyin Bukuru? Mu nan sai godiya. Jumai ta yi zazzaɓi makon jiya, na ɗauko ta daga ɗakin kwanan ɗalibai ta zauna a wurina har ta warware, yanzu ta koma aji. Sauron fadama ba ya raga wa baƙo. Ko da yake zumuncinmu ta wajen kakanni ne, ranar da ka damƙa mini 'yarka cewa ka yi ni ce uwarta a nan, don haka ba zan ɓoye maka abin da ya shafe ta ba.

Ruwa ya yi yawa bana. Kogi ya tumbatsa ya shafe shinkafar mutanen Auyo, mu kuma ya kwantar mana da katangar makaranta ta gefen fadama. Ba a daɗe ba ɓarayi suka shigo ta wurin, suka fasa sito suka kwashi shinkafa da man gyaɗa. Baba Garba maigadi ya tare su da sanda, suka karya masa hannu. Ko kusa da ɗakunan yara ba su je ba.

Da a wata shekara ce, da maganar ta ƙare a wurin 'yan sanda. To amma ka san an ba mu sabuwar jiha, ga zaɓen majalisa na tafe a Disamba. Ranar Asabar aka kira taron iyaye. Ba wanda ya gayyaci ɗan siyasa, sai ga Alhaji Gwadabe, wani ɗan kwangila da ke neman kujerar yankinmu, ya iso da mota mai lasifika. Kawu, mutumin ya iya magana. Ya ce duk mai 'ya a makarantar nan ya ɗaga hannu. Aka ɗaga. Ya ce, “To ku dubi hannuwanku da kyau. Jiya buhu aka saɓa a kafaɗa aka fita da shi. Gobe me za a saɓa?” Wata mata a bayana ta fashe da kuka. Ya ce kowa ya san masu saukowa fadama da shanu, ba sai ya kama suna ba, alhali babu wanda ya ga fuskar ɓarayin, kuma makiyaya ba su ma sauko ba tukuna. Daga nan ya yi alkawarin kawo maharba da bindigogi su tsare mana ƙofa.

Na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, abinci ɓarayin suka ɗauka, ba su taɓa yarinya ba. A tayar mana da katanga, a gyara fitilu, a ƙara maigadi. Bindiga a tsakiyar yara ita ma abin tsoro ce.”

Ya yi murmushi, ya juya wajen mutane ya ce, “Kun dai ji da kunnenku. Malama ta ce mu jira sai an taɓa yarinya tukuna.”

Wurin ya kaure da ihu. Na zauna.

Ban san inda abin zai tsaya ba. Na dai ce gara ka ji daga bakina. Ka gaishe da Mama Laraba, ka ce Jumai na kewar kunun acca.

'Yarka,
Rifkatu

Bukuru,
13 ga Oktoba, 1991

'Yata Rifkatu,

Na ga takardarki, na gode. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, in gari ya yi sanyi sai ta tuna mini da yaƙin basasa. Laraba tana gaishe ki, ta ce Allah ya saka miki da jinyar da kika yi wa Jumai.

Maganar katanga ta hana ni sukuni. Ni ma aikin gadi nake yi a kamfani tun da na bar soja, na san abin da ake ji in aka bar mutum da sanda a gaban masu adda. Ki gaishe mini da Garba ko da ban san shi ba.

Game da bindiga kuwa, da ina kusa ni da kaina zan riƙe ta a ƙofar makarantar nan, ba wani ba. Ke kuma ki rage tashi a taro. Ke baƙuwa ce, kuma mace, ba kowace gaskiya ce ake faɗa a gaban lasifika ba.

Ki faɗa wa Jumai kada ta riƙa fita ita kaɗai. Laraba ta aiko mata da acca ta hannun wani ɗan ikilisiyarmu da zai je Kano, ban sani ba ko za ta iso.

Naki,
Habila

Haɗeja,
3 ga Nuwamba, 1991

Kawu Habila,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Jumai ma lafiya, acca ta iso. Hannun Baba Garba ya ɗoru amma ba ya miƙewa sosai.

Na karanta takardarka na sake karantawa. Ban zaci kai ma kana layin Alhaji Gwadabe ba. Ka ce da kana kusa da ka riƙe bindiga a ƙofarmu, kuma ka ce in yi shiru. To, Kawu, ba kai kaɗai ka faɗa ba. Shugabar makarantarmu, Hajiya Saude, ita ma ta kira ni ofis ta ce, “Malama Rifkatu, iska ce, ki sunkuya ta wuce.” Na sunkuya, ba ta wuce ba.

Motar lasifikar tana zagaya gari duk ranar kasuwa. Ba sa kiran sunana, cewa suke yi akwai wata baƙuwa a makarantar 'yan mata wadda ba ta san zafin haihuwa ba, ta ce a bar 'ya'yan mutane a hannun kura. Mai naman da nake saya a wurinsa tun zuwana garin nan yanzu sai ya miƙo mini ƙunshi yana kallon wani wuri. Na so in tsaya in ce masa ƙanwata Jumai ma a ɗakin yaran nan take kwana, sai na ga ba amfani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya ɗan takarar, Malam Baƙo. Na ɗauka shi zai yi maganar katanga. Ina. Shi cewa yake yi bindigogin ba na ɓarayi ba ne, na ranar zaɓe ne. Ka san ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan hoton wanda yake so. To ya ce duk talakan da ya tsaya a bayan hotonsa za a nuna masa bakin bindiga, kuma wai har malamar makarantar ta shaida haka a gaban taro. Ban taɓa faɗa ba. Ban taɓa ma ganin mutumin ido da ido ba. Yanzu mutanen Gwadabe sun ce ni 'yar Baƙo ce, mutanen Baƙo kuma suna tsayar da ni a hanya suna mini jinjina. Daga cikin su biyun babu wanda ya taka ya je ya ga inda katangar ta faɗi.

Maharban sun zo. Sun yada zango a gindin tsamiyar bakin ƙofa da bindigoginsu na toka, irin harba-ka-ruga. Ba mugayen mutane ba ne, manoma ne da ruwa ya cinye wa gona. Masu dafa abinci suna ɗiba musu daga tukunyar yara. Amma da asuba yara ba sa yarda su fita bayan gida sai gari ya waye sarai, don an ce musu duk abin da ya motsa a duhu harbinsa za a yi. Da can ɓarawo suke tsoro, yanzu abu biyu suke tsoro.

Na gaji, Kawu. Ina shiga aji in koyar, in fito in rufe ƙofata. Ban rubuto don in yi maka rashin kunya ba, amma na yi tsammanin ko mutum ɗaya zai ce na yi daidai.

Rifkatu

Bukuru,
1 ga Disamba, 1991

Rifkatu,

Ina fata wannan ta same ku lafiya, don mu nan ba lafiya ba. Takardarki ta daɗe a hanya, sai shekaranjiya ta zo hannuna.

Ba ki fahimce ni ba, kuma laifina ne, ban iya rubutu kamar ku malamai ba. Da na ce ni zan riƙe bindigar ba wani ba, nufina ban yarda da hannun kowa a kanta ba in akwai yara a wurin. A Makurɗi, kafin a tura mu bakin daga, na ga wani sabon soja ya kashe abokinsa yana goge bindiga, suna cikin hira suna dariya. Wannan wanda aka horar ke nan. Balle ta toka, wadda ba ta san mai ita ba. Kin yi daidai a taron nan. Da na ce ki yi shiru, tsoro nake ji miki, ba wai kin yi kuskure ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuto miki. Yakubu, direban da ke kawo bandar kifi daga wajenku zuwa kasuwar Jos, ya faɗa a tasha cewa an harbi yarinya a makarantar 'yan mata ta wajen Haɗeja, kuma wai 'yar baƙi ce. Na neme shi na tambaye shi da kaina. Ya ce shi bai gani ba, amma wanda ya gani ya ce an ɗauke ta jina-jina, kuma malamar nan Kirista tana bin motar tana kuka. Malama Kirista nawa ce a makarantarku?

Na je gidan waya an gwada kiran Haɗeja, layi bai shiga ba. Laraba ba ta cin abinci. Na ba Yakubu wannan takarda hannu da hannu. Ki ba shi amsa ya dawo da ita, ko layi ɗaya ne. In abin ya faru, kada ki lallashe ni, ki faɗa mini kawai. In ya dawo hannu wofi zan hau motarsa.

Habila

Haɗeja,
5 ga Disamba, 1991

Kawu,

Jumai tana raye, ko ƙwarzane babu a jikinta. Tana zaune a gabana yanzu, za ta sa hannu a ƙasan takardar nan don Mama Laraba ta ga rubutunta. Ka yafe mini da na fara da wannan kafin gaisuwa. Ka yafe mini kuma abin da na rubuta a baya, na yi maka mummunar fahimta. Na rubuto maka tun washegarin abin, ashe takardar tana can kwance a gidan waya.

Ga yadda aka yi. Alhaji Gwadabe ya aiko cewa zai zo ya ƙaddamar da tsaron makaranta. Aka fito da yara daga aji da hantsi aka jera su a rana su yi masa waƙar maraba. Ya zo da mai ɗaukar hoto da makaɗa. Ya yi jawabi, ya ce daga yau duk uwar da ke da 'ya a nan ta yi barci da minshari. Sai aka ce maharba su yi harbi sama don ɓarayin da ke fadama su ji. Harbin farko bai yi ƙara yadda ake so ba, wani daga cikin mutanensa ya ce a ƙara albarushi. Wani dattijo a cikin maharban ya ɗura, ya ɗaga, ya ja. Bindigar ta fashe a hannunsa.

Shi ya rasa yatsu. Wani gutsuren ƙarfe kuma ya tashi ya sami Fanna a ido. Fanna ita ce ƙawar Jumai, gadonsu ɗaya sama da ƙasa, 'yar wani manomin shinkafa ce daga Auyo, Malam Auta. Jumai ce ta rungume ta har aka sa ta a mota, shi ya sa aka ga rigarta jina-jina aka ce 'yar baƙi aka harba. Ni ce kuma na bi motar. An kai ta asibiti a nan, daga baya aka wuce da ita Kano. Ta rayu, amma idon ya tafi.

Na ɗauka bayan wannan kowa zai ji kunya ya yi shiru. Kafin la'asar motar lasifika ta fito. Gwadabe ya ce maƙiya ne suka yi wa bindigar zagon ƙasa don su kunyata shi, kuma wannan ya nuna irin mutanen da ke kewaye da 'ya'yanmu, saboda haka bindigar zamani ake bukata ba ta toka ba. Malam Baƙo kuwa, wani mutuminsa ya tsinci ɗankwalin Fanna a filin, suka ɗaura shi a kan gora suna yawo da shi ƙauye ƙauye. A Kaugama an ce har ya sanar cewa yarinyar ta rasu, jama'a suka yi ta salati, alhali tana kwance a Kano tana tambayar ko an fara jarrabawa. Babu ɗayansu da ya je duba ta.

Maharban sun tattara sun tafi ba sallama. Iyaye suna ta zuwa suna kwashe 'ya'yansu. Jumai ba ta barci sosai, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Na dawo da ita ɗakina.

Yakubu yana jira a waje, bari in tsaya nan.

Rifkatu

Baba, ni ce Jumai. Lafiyata ƙalau. Ku yi wa Fanna addu'a.

Bukuru,
6 ga Janairu, 1992

'Yata Rifkatu,

Barka da sabuwar shekara. Mun gode wa Allah, mun gode miki. Laraba ta ajiye takardar a cikin Littafi Mai Tsarki, tana buɗewa tana duba rubutun Jumai. An yi wa Fanna addu'a a majami'a. Kirsimeti dai mun yi shi ba daɗi, tun da kin ce hanya ba ta da kyau a lokacin zaɓe gara ku zauna.

Na yi ta juya maganar a raina. Na kawo Jumai wurinki ne don makarantarku ta fi tamu koyarwa, kuma don kina wurin. Har yanzu haka ne. Amma ba zan iya sake tsayawa a tasha ina tambayar direba ko 'yata ce ba. Ki turo mini ita. Za ta shiga ta jeka-ka-dawo a nan, ko ba ta kai taku ba. Na san saura mata shekara ɗaya ta gama, na san kuma za ta ji haushina. Ta ji.

Kada ki ɗauka na ce kin gaza. Babu abin da uwa za ta yi da ba ki yi ba. In kina so, ke ma ki nemi canji ki dawo gida. Na ga irin waɗannan mutane tun ina saurayi. Su ne ke hawa mota su yi jawabi, mu ne ake ba bindiga, in ta tashi kuma ba a jikinsu take sauka ba. Na tsufa, ba ni da ƙarfin yin fushi kuma.

Wa ya ci zaɓen naku? Rediyonmu ba ta faɗi na ƙananan kujeru ba.

Naki,
Habila

Haɗeja,
9 ga Fabrairu, 1992

Kawu Habila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ina lafiya, sai ɗan tari. Na san Jumai ta iso tun tuni, don Yakubu ya faɗa mini ya sauke ta a ƙofar gida. Ba ta yi mini musu ba da na gaya mata. Ta dai roƙi in kai ta Auyo ta yi sallama da Fanna, na kai ta a kwalekwale. Sun zauna a ɗaki sun daɗe, ban shiga ba. Ka bi ta a hankali, ba ta son a tambaye ta.

Malam Baƙo ne ya ci. Ni ban fita ranar ba, don ban ga hoton da zan iya tsayawa a bayansa ba, kuma kowane ɓangare ya rubuta mini wannan a matsayin laifi. Makon jiya na ji shi a rediyo daga Dutse. Ya ce abin da ya faru a makarantarmu ya isa darasi, lokaci ya yi da za a sa masu bindigar zamani a ƙofar kowace makarantar kwana, kuma duk wanda ya ƙi wannan ba ya ƙaunar 'ya'yan talakawa. Na ɗauka Gwadabe ne ke magana sai da mai shirin ya faɗi suna. Na kashe rediyon na ci gaba da duba littattafan yara.

Game da canjin wurin aiki, na gode, amma ba yanzu ba. 'Yan aji na ƙarshe za su zauna jarrabawa a watan Yuni, kuma ba wani malamin lissafi sai ni.

Ranar Alhamis Malam Auta ya zo ɗaukar akwatin Fanna. Ba za ta dawo ba, ya ce ɗaya idon ma yana mata ruwa in ta dubi takarda. Na kai shi ɗakin, na haɗa masa kayan, ya ɗaure akwatin a bayan keke. Mutum ne mai sanyin magana. Har ya kama hanya sai ya tsaya ya ce, “Malama, ina da tambaya, kada ki ji haushi.”

Na ce ya yi.

Ya ce, “An ce ke kin faɗa tun farko cewa abin nan zai yi ɓarna.”

Na ce na faɗa.

Ya ce, “To da suka yi miki ihu, me ya sa kika zauna? Mu ba mu sani ba. Ke kin sani.”

Ba da faɗa ya yi maganar ba, so yake ya ji. Na buɗe baki in ce ni baƙuwa ce, ni mace ce, su suna da lasifika. Duk gaskiya ne, amma na dubi akwatin a bayan kekensa na kasa faɗin ko ɗaya. Sai ya ce, “Ba komai, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.” Ya gode mini da bin motar da na yi, ya tura kekensa ya fita.

Ka gaishe da Mama Laraba da Jumai. Ka ce mata ta ci gaba da lissafi ko malaminsu bai iya ba. Zan tsaya nan, gobe Litinin, ina da darasi da waɗanda suka rage.

'Yarka,
Rifkatu